Juya manhaja daga wani yaren kwamfuta zuwa wani: me ya sa aikin ya wuce danna maɓalli?

Cikin ƙasa da shekara biyu an ji sanarwa uku da suka sa mutane tambayar ko lokaci ya yi da kwamfuta za ta ɗauki tsohuwar manhaja ta juya ta zuwa sabon yare ita kaɗai. A watan Agustan 2023 kamfanin IBM ya gabatar da wata manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira don taimakawa wajen mayar da rubutun tsohon yaren COBOL zuwa yaren Java. A watan Yulin 2024 hukumar DARPA, mai kula da binciken fasaha a ma'aikatar tsaron Amurka, ta sanar da shirin TRACTOR, wanda burinsa shi ne na'ura ta riƙa juya rubutun C zuwa Rust. A watan Maris na 2025 kuma Microsoft ya ce yana kwashe manhajar da ke sarrafa yaren TypeScript zuwa yaren Go, ya kuma nuna cewa saurinta ya ninka kusan sau goma.

Wanda ya karanta kanun labaran kawai zai ɗauka an gama. Injiniyoyin da suka taɓa yin irin wannan aiki kuwa cewa suke yi da sauran rina a kaba. Saɓanin ya samo asali ne daga abin da kowane ɓangare yake nufi idan ya ce an "juya" manhaja.

Abin da ake juyawa

Kowace manhaja tana farawa ne da rubutun umarni da mutum ya tsara, wanda masu sana'ar ke kira kod. Ana rubuta shi da wani yare mai tsayayyun ƙa'idoji, kamar C, Python, Java ko COBOL. Kwamfuta ba ta karanta wannan rubutu kai tsaye. Sai wata manhaja da ake kira kompaila ta mayar da shi lambobin da na'ura ke ganewa, ko kuma wata ta riƙa karanta shi tana aiwatarwa nan take.

Don haka fassara tsohuwar aba ce a wannan fage. Tun 1957 kompailar Fortran ta IBM take mayar da lissafin masana kimiyya zuwa umarnin na'ura. Yaren C++ ma da farko sai an mayar da shi C ta hanyar wata manhaja mai suna Cfront kafin ya yi aiki, kuma har yau TypeScript sai ya koma JavaScript kafin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta gane shi. A duk waɗannan, ba wanda ya damu da kyan abin da ya fito, domin ba mutum ne zai karanta shi ba.

Abin da ake magana a kai yanzu daban ne. Ana so a ɗauki manhajar da aka shekara talatin ko arba'in ana yi wa gyara, a mayar da ita wani yare, a jefar da tsohon rubutun, sannan mutane su ci gaba da karanta sabon suna gyara shi. Sharuɗɗa biyu ke nan a lokaci guda: sabon rubutun ya yi daidai abin da tsohon yake yi, kuma ya karantu ga wanda ya iya sabon yaren. Sau da yawa cika ɗaya yana tauye ɗayan.

Akwai kuma bambanci tsakanin juyawa da sake rubutawa. Mai juyawa yana bin tsarin tsohon rubutun sashe-sashe. Mai sake rubutawa yana ajiye tsohon gefe, ya tambayi me ake so manhajar ta yi, ya fara daga tushe.

Me ke tilasta canjin

Dalili na farko shi ne ƙarancin ma'aikata. An ƙirƙiro COBOL a 1959, kuma har yanzu shi ke riƙe da lissafin manyan bankuna, kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati a ƙasashe da dama. Waɗanda suka ƙware a kansa suna ta yin ritaya, jami'o'i kaɗan ne ke koyar da shi. A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta jefa ɗimbin mutane cikin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito fili yana neman masu iya COBOL, saboda tsarin biyan tallafin marasa aiki ya kasa ɗaukar yawan masu nema.

Na biyu tsaro ne. A C da C++, mai rubutu ne da kansa yake karɓar gurbi a ma'adanar kwamfuta, shi ne kuma yake mayar da shi idan ya gama. In ya yi kuskure, ya rubuta bayani ya zarce iyakar gurbin, ko ya ci gaba da amfani da gurbin da ya riga ya mayar, to ya buɗe ƙofa ga masu kutse. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na raunin tsaron da yake toshewa duk shekara daga irin wannan kuskure suke, kuma masu kula da burauzar Chrome sun fitar da adadi makamancinsa. Rust, wanda sigarsa ta farko tsayayya ta fito a 2015, an gina shi ne yadda kompaila za ta ƙi karɓar yawancin waɗannan kurakurai tun kafin manhajar ta fara aiki. Wannan ne ya sa a Fabrairun 2024 ofishin kula da tsaron intanet na Fadar White House ya fitar da rahoto yana kira ga kamfanoni su koma yarukan da ke kare ma'adana.

Sauran dalilan sun haɗa da neman sauri, rage kuɗin hayar manyan kwamfutoci, ko kuma a wayi gari masu yaren sun daina kula da shi.

Inda gizo ke saƙar

Ido yana ganin alamomi iri ɗaya a yaruka daban-daban, sai mutum ya ɗauka ma'anarsu ɗaya ce. A nan yawancin ɓarnar take shigowa, kuma ba ta zuwa da ƙara.

Ɗauki rabawa. A C da Java, idan aka raba 7 da 2 a matsayin cikakkun lambobi, amsar 3 ce, ana yar da rabin. A Python 3 da JavaScript, wannan alama ɗaya tana ba da 3.5. Ragowar rabawa ma haka: ragowar -7 idan aka raba da 3 shi ne 2 a Python, amma -1 ne a C da Java. Manhajar da ke lissafin ranakun mako ta koma baya da irin wannan lissafi za ta faɗa ranar da ba ita ba bayan juyi, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito.

Girman lamba wani tarkon ne. Cikakkiyar lamba ta yau da kullum a Java tana tsayawa ne a 2,147,483,647. Ƙara mata ɗaya, sai ta kewaya ta koma lamba mai alamar ragi. Python ba shi da wannan iyaka. JavaScript kuma yana riƙe cikakkun lambobi daidai ne har zuwa 9,007,199,254,740,991, daga nan sai ya fara kintace. Lambar shaida mai tsawo da ta zauna lafiya a wani yare tana iya sauya lambobinta na ƙarshe a wani.

Lissafin kuɗi ya fi kowanne hatsari, kuma ya kamata a duba shi da kyau. A COBOL, mai rubutu yana faɗin adadin gurabe tun farko, misali lambobi biyar kafin ɗigo da biyu bayansa, kuma ana ajiye lambar da tsarin goma-goma kamar yadda akawu yake rubutawa a littafi. Idan ruwan ajiya ya fito 12.349, COBOL zai datse ya ajiye 12.34, sai fa in an rubuta masa umarnin ya cike zuwa mafi kusa. Wanda ya juya wannan layi zuwa Java yana iya ganin ya fi dacewa a cike, sai amsar ta zama 12.35. Idan kuma ya yi amfani da irin lambar da yawancin yarukan zamani ke amfani da ita don guntaye, wadda ake ajiyewa da tsarin biyu-biyu, ya shigo da wata matsalar, domin a can 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. Java yana da hanyar lissafin goma-goma, amma sai an zaɓe ta da gangan, an kuma faɗa mata yadda za ta datse a kowane mataki. Bambancin 0.01 a asusu ɗaya ba ya ɗaga hankali. A miliyoyin asusu, kowane dare, littafin banki ba zai daidaita ba, kuma za a sha wuya kafin a gano layin da ya jawo.

Ko cikewar ma ba a haɗu a kanta ba. Python 3 yana mayar da 2.5 zuwa 2, domin yana bin ƙa'idar karkata ga lambar da ke rabuwa biyu, yayin da hanyar cikewa ta yau da kullum a Java take ba da 3.

Haruffa suna da nasu. Kalmar "ƙasa" haruffa huɗu ce idan aka tambayi Python 3, amma Go zai ce biyar, saboda shi gurabun ajiya yake ƙirgawa kuma "ƙ" tana cin biyu. Manyan kwamfutocin IBM suna amfani da wani tsarin haruffa mai suna EBCDIC, wanda a jerinsa haruffa ke zuwa kafin lambobi. A tsarin da sauran kwamfutoci ke bi, lambobi ne a gaba. Duk rahoton da ya dogara da jerin sunaye ko lambobin asusu masu gauraye zai fito a wani tsari daban. Fortran yana fara ƙirga jeri daga 1, C daga 0, kuma yadda suke shimfiɗa jadawali a ma'adana ya saɓa: ɗaya yana bin layukan tsaye, ɗayan na kwance.

Kowane ɗaya daga waɗannan sananne ne, yana da magani. Wahalar ita ce a manhaja mai layi miliyan biyar, babu wanda ya san a wurare nawa aka dogara da su.

Abin da ba a rubuta ba

Ko an tsallake duk waɗannan, rubutun umarni ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana kiran kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta, yana magana da rumbun bayanai, yana jiran wani aiki ya ƙare da tsakar dare kafin nasa ya fara. Sabon yare ba lallai ne yana da kwatankwacin waɗannan kayan ba, in ma yana da su, halinsu ya bambanta.

Sannan tsohuwar manhaja takan zama ita ce kaɗai wurin da wasu ƙa'idojin ma'aikata suka rage. Wani layi da aka saka shekaru da yawa baya saboda wata dokar haraji, ko saboda wani rukunin abokan ciniki da aka yi wa alƙawari na musamman, yana nan yana aiki, wanda ya rubuta shi ya tafi, takardar bayaninsa ta ɓata. Har kurakurai ma sukan zama abin dogaro, domin wasu manhajojin sun riga sun saba da amsar da ke fitowa sun gina nasu lissafi a kai. Mai juyawa da ya "gyara" irin wannan kuskure yana iya rusa abin da bai san da shi ba.

Idan aka ce to a bi tsohon rubutun sau da ƙafa, sai sharaɗi na biyu, wato rubutun ya karantu, ya rushe. Masu sana'ar suna da laƙabin da suke yi wa sakamakon, JOBOL, wato Java mai siffar COBOL: yana aiki, amma matashin da ya koyi Java ba ya gane shi, tsohon ma'aikacin COBOL ma ba ya gane shi. Haka abin yake da manhajar c2rust, wadda ke juya C zuwa Rust da aminci, amma tana sanya rubutun a ƙarƙashin alamar da ke sassauta binciken ma'adana. Sunan yaren ya canja, raunin yana nan, sai mutum ya bi ya gyara. Cike wannan giɓi ne ainihin abin da shirin TRACTOR yake nema.

Waɗanda suka yi nasara, da yadda suka yi

A 2015 masu yaren Go sun juya kompailarsu daga C zuwa Go. Sun rubuta manhajar juyi ta musamman wadda ba ta da wani aiki sai wannan rubutun nasu, ba su yi ƙoƙarin ta iya kowane irin C ba. Suna kuma da ma'auni mai kaifi: a ba tsohuwar kompaila da sabuwa aiki ɗaya, a duba ko abin da suka fitar ya zo daidai. Duk da haka sun sanar da cewa a sigar 1.5 haɗa manhaja zai ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da, saboda rubutun da na'ura ta fitar ba irin wanda gwanin Go zai rubuta ba ne. Sai a sigogin baya aka riƙa dawo da saurin.

Microsoft ma da ya tashi kwashe TypeScript, ya bayyana cewa juyawa yake yi, ba sabon gini ba. Mutane da yawa sun yi tsammanin zai zaɓi Rust. Ya zaɓi Go ne saboda tsarinsa ya fi kusa da yadda aka rubuta tsohon, kuma shi ma, kamar TypeScript, da kansa yake mayar da gurabun ma'adanar da aka gama amfani da su, don haka ana iya bin aikin sashe-sashe a kwatanta. Akwai kuma tarin gwaje-gwaje na sama da shekara goma da za a auna sabon da su.

Python ya nuna ɗaya gefen. Sigar 3 ta fito a Disambar 2008 tare da manhajar juyi mai suna 2to3, kuma yare ɗaya ne, siga ce kawai ta canja. An tsara daina kula da Python 2 a 2015, sai aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020 saboda jama'a ba su gama ƙaura ba. Babban abin da ya riƙe su shi ne bambanta rubutun haruffa da ɗanyen bayani irin na hoto ko sauti, wanda na'ura ba ta iya yanke hukunci a kansa sai ta san nufin marubucin.

Ƙirƙirarriyar basira: me ta canja

Tsofaffin manhajojin juyi ƙa'ida suke bi: duk inda aka ga kaza, a rubuta kaza. Sakamakonsu ba ya da kyan karatu, amma kuskurensu iri ɗaya ne a ko'ina, in an gano shi sau ɗaya an gano duka. A 2020 masu bincike a Facebook suka fitar da TransCoder, wanda ya koyi juyi tsakanin C++, Java da Python daga tarin rubutun da ke intanet. Manhajojin hira na yanzu masu ƙirƙirarriyar basira sun zarce shi nesa. Suna fitar da rubutu mai tsabta, suna bayyana abin da tsohon sashe yake yi, suna kuma taimakawa wajen rubuta gwaji, wanda ke cikin ayyuka mafi cin lokaci.

Rauninsu shi ne kintace suke yi bisa abin da suka saba gani. Suna iya ba da amsa biyu daban ga tambaya ɗaya, su kira wani kayan aiki da babu shi, ko su sauya datsewa zuwa cikewa domin haka aka fi yi. Kyan rubutun kuma yakan sa mai dubawa ya saki jiki. Babu kuma wata manhaja da za ta iya tabbatar da cewa kowaɗanne rubutu biyu aikinsu ɗaya ne a kowane hali. Masana lissafi sun nuna hakan tun tsakiyar ƙarni na 20, daga aikin Alan Turing na 1936 zuwa na Henry Rice. Ana iya tabbatarwa a ƙananan sassa masu iyaka, sauran kuwa sai gwaji.

Matsaya uku

Masu goyon bayan juyi da na'ura suna cewa rubutun da ke ƙasa ya fi ƙarfin hannun mutane, jira kuma yana ƙara hatsari tunda masu iya tsofaffin yarukan suna raguwa. A ganinsu JOBOL da ke aiki a kwamfutar zamani ya fi COBOL da babu mai taɓa shi, kuma ana iya tsabtace shi daga baya.

Masu son sake rubutawa suna cewa juyi yana kwaso tsohon tsari da duk nauyinsa. Masu sukarsu sukan tuna musu da kamfanin Netscape, wanda ya ajiye rubutun burauzarsa ya fara sabo, bai fitar da babbar siga ta gaba ba sai ƙarshen 2000, lokacin kasuwa ta riga ta koma hannun Microsoft. Bankin Commonwealth na Ostareliya ya yi nasarar sauya babban tsarinsa, amma aikin ya ci shekara biyar da sama da dalar Ostareliya biliyan ɗaya.

Rukuni na uku na cewa a bar tsohon rubutu da ya daɗe yana aiki, a riƙa rubuta duk sabon abu da sabon yare, a haɗa su, a kuma sauya sassa ɗaya bayan ɗaya idan buƙata ta taso. Hujjarsu mafi ƙarfi daga Android take. Google ya ba da rahoton cewa kason raunin tsaro mai alaƙa da ma'adana ya sauka daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa 24 a 2024, ba tare da an juya yawancin tsohon rubutun ba, domin sabon rubutu ne ya fi ɗauke da kurakurai. Wannan hanya tana maganin matsalar tsaro, amma ba ta maganin ƙarancin ma'aikata, kuma riƙe yare biyu a manhaja ɗaya yana da nasa kuɗin.

Yadda abin zai taɓa mutane

Mai asusun banki ko mai karɓar fansho ba zai san ranar da aka canja yaren da ke lissafa kuɗinsa ba, sai in an samu tangarɗa. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe abokan cinikinsa zuwa sabon tsari, ɗimbinsu suka kasa shiga asusunsu, wasu har suka ga bayanan asusun da ba nasu ba, kuma a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48. Wannan ƙaura ce ta tsari gaba ɗaya, ta wuce canjin yare, amma binciken da aka yi ya nuna gazawa wajen gwaji da shiri, wanda shi ne wurin da juyin yare ma yake karyewa. Shi ya sa cibiyoyi masu taka-tsantsan suke barin tsohon tsari da sabo su yi aiki tare na wani lokaci, ana ba su bayanai iri ɗaya ana kwatanta amsa, kafin a kashe tsohon.

Ga mai koyon sana'ar, sanin yare ɗaya da haddace alamominsa yana rage daraja, tunda na'ura na yin wannan cikin daƙiƙoƙi. Abin da ake ƙara nema shi ne wanda zai karanta rubutun da ba shi ya yi ba, ya san yadda yaruka biyu suka saɓa a lamba da haruffa da ma'adana, ya kuma tsara gwajin da zai kama bambancin.

Mai ƙaramar manhaja da ke son mayar da ita wani yare da taimakon manhajar hira zai fi samun biyan buƙata idan ya fara tara misalan abin da ake shigarwa da amsar da tsohuwar take bayarwa, har da na gefe-gefe kamar sifili, lamba mai ragi, rubutu fanko da ranar 29 ga Fabrairu, sannan ya juya kaɗan-kaɗan yana gwadawa. Akwai abu biyu da ake yawan mantawa. Liƙa rubutun kamfani a manhajar da ke intanet yana nufin fitar da shi waje, wani lokaci har da kalmomin sirri da ke ciki. Kuma canja yare ba ya goge haƙƙin mallaka: rubutun da aka juya daga wanda ke ƙarƙashin lasisi irin GPL, mai ba kowa damar amfani da rubutu bisa wasu sharuɗɗa, ana ɗaukarsa a matsayin wanda aka samo daga na asalin, sharuɗɗan lasisin suna bin sa zuwa sabon yaren.